Wa Ɗalibin Noma Zai Yi Wa Aiki? Tarihin Manhajar Samaru

Kafin a yi jami'a a Samaru, gona aka fara yi. A 1922 Turawan mulkin mallaka suka kafa tashar binciken noma a wurin, a bakin hanyar da ta tashi daga Zariya zuwa Funtuwa, ta zama cibiyar aikin gona ta lardunan Arewa. Abin da ya kawo su ba ɓoyayye ba ne. Masaƙun Ingila na neman auduga, kamfanonin Turai na neman gyaɗa, layin dogo kuma ya isa Kano tun 1911. Manyan jami'an gona Turawa ne masu digiri daga ƙasarsu, da yawansu sun ƙaro horo a kwalejin noman ƙasashe masu zafi da ke Tirinidad. 'Yan ƙasa kuwa makarantar aikin gona ta Samaru ce ke horar da su su zama mataimaka: auna fili, raba irin auduga, tabbatar da an tuge itacen auduga an ƙone bayan tsinka saboda ƙwari, sannan daga 1928 koya wa manoma huɗa da shanu. Waɗannan su ne malaman gona na farko da kakanninmu suka sani.

Na yi karatun digirin noma a Samaru a shekarun 1990, na kuma yi aikin malamin gona bayan nan. Abin da na fahimta shi ne, duk lokacin da aka zauna gyaran manhajar wannan digiri, tambaya ɗaya ake amsawa ko da ba a furta ta ba: wa yaron nan zai yi wa aiki idan ya gama? A zamanin Turawa amsar ita ce auduga da gyaɗa. Daga baya amsar ta yi ta sauyawa, manhaja na binta a baya.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, wato ABU, a watan Oktoba na 1962, noma na cikin tsangayoyinta na farko, aka kuma miƙa mata tashar Samaru ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, wato IAR. Ibadan ta riga ta fara digirin noma, amma Arewa na buƙatar nata mutanen da za su hau kujerun da Turawa ke bari. Tsarin na Ingila ne: wanda ya gama babbar satifiket ya yi shekara uku, ya sha kimiyyar tsirrai da sinadarai da ilmin ƙasa, ya fito jami'in gona. Aiki na jiransa a ma'aikata tun kafin sakamako ya fito, ga gida, ga rancen mota. Ba a sa ran zai riƙe fartanya, akwai masu difloma da leburori a ƙarƙashinsa.

Sai Amurkawa suka shigo da nasu ra'ayin. A shekarun 1960 hukumar USAID ta haɗa ABU da Jami'ar Jihar Kansas, wadda ta turo malamai tsangayar noma da ta likitan dabbobi, ta kuma ɗebi matasan malamanmu zuwa can ƙaro karatu. Kansas na cikin jami'o'in da dokar Amurka ta 1862 ta haifar, waɗanda aka ba filaye don su koyar da noma da sana'a ga 'ya'yan talakawa. Aƙidarsu ita ce koyarwa da bincike da kai ilmi ga manomi abu ɗaya ne, ba a raba su. A nan ne tattalin arzikin noma, da zamantakewar karkara, da dabarun wayar da kan manoma suka sami gindin zama a manhaja, kusa da kimiyyar da aka gada daga Ingila.

Amma a ganina gyara mafi girma bai fito daga ɗakin taro ba. Daga ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau ya fito: Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, shi da ma'aikatansa suka riƙa bin gidajen manoma suna rubuta abin da kowa ya shuka, da kwanakin aikin da ya ci, da abin da ya girba. A lokacin koyarwar hukuma ita ce a shuka abu ɗaya a gona, a layi, haɗa gero da dawa da wake kuwa ana ɗaukarsa rashin wayewa. Lissafi ya nuna akasin haka. Yawancin filayen haɗe ake shuka su, kuma mai haɗawar ya fi samun amfani a kan fili ɗaya, ya fi cin moriyar hannayen da yake da su a lokacin noman farko da maimai, lokacin da ɗan ƙwadago ke wuya, in kuma ruwa ya yi gardama ba ya tashi a tutar babu. Daga irin wannan aiki ne nazarin tsarin noma ɗungurungum ya bunƙasa, ya shiga aji a Samaru, ya kuma bazu zuwa wasu ƙasashe. Manomi ne ya gyara wa jami'a darasi.

Shekarun 1970 suka zo da nasu dukan. Fari ya yi ɓarna a 1973, annobar da ke nannaɗe ganyen gyaɗa ta cinye amfanin 1975, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Kuɗin mai suka janye hankalin gwamnati daga gona, ƙasa ta fara sayo abinci. Aka ƙaddamar da ayyukan raya noma na Funtuwa, Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya, gwamnatin Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa a 1976 har ta tura ɗalibai gonaki lokacin hutu. Masara ta shigo Arewa da ƙarfinta tare da takin zamani mai rahusa. A lokacin abin da ake nema shi ne mai digirin da zai tsaya a gonar gwaji a ƙauye ya nuna da hannunsa, sai ga ƙorafi ya yi yawa cewa masu digirin sun san sunan kowace ciyawa da Latin amma ba su iya ta da kunya ba.

Amsar wannan ƙorafi ita ce digirin da ni na tarar. Dokar soja ta 1985 ta ba Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ikon tsayar da mafi ƙarancin abin da kowane digiri zai ƙunsa, ta kuma fitar da ƙa'idojin farko a 1989. Digirin noma ya zama na shekara biyar, shekara guda cikinsu, galibi ta huɗu, ta aikin gona ce zalla. Kowa zai taɓa komai: amfanin gona, dabbobi, ƙasa, injuna, lissafin riba da faɗuwa. Sai a shekarar ƙarshe mutum zai karkata ga fanni ɗaya. A daidai wannan lokaci aka kafa jami'o'in noma na Makurɗi da Abekuta a 1988, da ta Umudike a 1992.

Shekarar aikin gona ce ta raba mu da girman kai. An yanka wa kowa fili, aka ba mu igiya da turaku. Kunya santimita 75 tsakani, masara santimita 25 daga rami zuwa rami, taki a tona gefen shuka a rufe, ba a watsa ba. Hannuwa suka yi kanta. Wanda ya koya mini ɗaura wa shanu karkiya wani dattijo ne cikin ma'aikatan gonar da bai taɓa zama a aji ba. Na ja igiya da ƙarfi sa ya turje, ya karɓa daga hannuna ya ce, "Yaro, sa ba tarakta ba ne. Yi masa magana tukuna." Ya kira san da sunansa, ya ɗan shafa wuyansa, garma ta kama ƙasa ta tafi sak. Muna ce masa Baba, kuma babu farfesan da muke yi wa ladabi fiye da shi a wannan damina.

Sai dai kafin mu fito, ma'aikatar da aka horar da magabatanmu dominta ta daina ɗaukar mutane kamar da. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya rushe hukumomin sayen amfanin gona, ya rage guraben aiki. Da aka sake duba ƙa'idojin a 2007, koyon dogaro da kai ya zama dole a kan kowane ɗalibi. Amsar tambayar ta sake sauyawa: yaron zai yi wa kansa aiki, ya kiwata kaji ko kifi, ya sayar da iri ko maganin feshi.

Gyara na baya-bayan nan shi ne na watan Disamba 2022, lokacin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed na shugabancin NUC. Sabon tsarin, CCMAS, ya zo da abu biyu da suka shafe mu. Na farko, hukuma za ta tsara kashi 70 cikin ɗari na manhaja, kowace jami'a ta cike sauran 30 da abin da ya dace da yankinta. Na biyu, an fitar da digirori masu zaman kansu daga cikin noma: tattalin arzikin noma, kimiyyar dabbobi, kimiyyar amfanin gona, kimiyyar ƙasa. Masu goyon baya na cewa ilmi ya faɗaɗa, kamfanin iri ko na abincin kaji ƙwararre yake nema, ba mai ɗan sanin komai ba. Da gaskiyarsu.

Abin da nake tsoro na gan shi a bakin aiki. Idan malamin gona ya sauka daga babur a ƙauye, mutum ɗaya zai tare shi da tambaya huɗu a numfashi ɗaya: Malam, ƙuduji ya cinye mini dawa, akuyata na zawo, buhun yuriya ya fi ƙarfina, wake kuma in sayar yanzu ko in ajiye? Huɗun nan a haɗe suke. Kashin akuyar ne takin da zai rage masa sayen yuriya, harawar waken ce abincinta da rani, kuɗin waken ne zai sayi takin baɗi. Wanda ya ce shi ƙasa kaɗai ya karanta ya gama zubar da mutuncinsa a wannan gari. Abin da binciken Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi ya tabbatar ke nan tun fiye da shekara hamsin da suka wuce.

Don haka a wurina kashi 30 ɗin nan ya fi rabe-raben digiri muhimmanci, domin a hannun malaman jami'a yake, ba a Abuja ba. Jami'ar da ke Sakkwato ko Maiduguri na da damar koyar da noman gero a ƙarancin ruwa, da fadama, da zaman manomi da makiyayi. Ta Kano na iya zurfafawa a noman rani irin na Kadawa, da adana tumatir, da cinikin hatsi na Dawanau. Ya kamata kuma a sa darasin bayyana ilmin noma da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri, tunda da su za a yi aikin. Kowane fanni ɗalibi ya zaɓa, kada a taɓa masa cikakkiyar damina a gona, daga sharar fili har kai amfani rumbu, tare da dabbobi da littafin lissafi. Rage wannan shekara ya fi komai sauƙi idan kuɗi suka yi ƙaranci, domin ita ke cin dizal da taki da iri. Ita ce kuma aka sha wuyar shekarun 1970 kafin a gane ana buƙatarta, bai kamata sai an sake shan wata wuyar kafin a tuna ba.