Tarihin Tantance Zanzaron da ke Kashe Ƙudan 'Ya'yan Itace

Zanzaron da ake nufi a nan ba wanda ke ginin laka a jikin bango ba ne. Wasu ƙananan danginsa ne na ƙasashe masu zafi, da yawansu ba su wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba. Macen takan soka ƙwanta cikin ƙwai ko tsutsar ƙudan da ke ɓata mangwaro, gwaba, lemo da kofi. Ɗanta ya cinye tsutsar daga ciki, ya fito ta ɓawon da ƙuda ya kamata ya fito. Mafi yawan waɗanda aka yi aiki da su suna cikin rukunin Opiinae na zuriyar Braconidae.

Buƙatar manoma ce ta haifar da aikin tantance su. A 1910 aka ga ƙudan Ceratitis capitata a tsibiran Hawai, sai hukumar noma ta can ta tura masanin ƙwari ɗan Italiya, Filippo Silvestri, ya nemo abokan gabansa a Afirka, inda ake kyautata zaton nan ne asalinsa. Tsakanin 1912 da 1913 ya ratsa gaɓar Afirka ta Yamma, har da Najeriya da Kamaru, ya gangara Afirka ta Kudu, ya bi ta Ostareliya. Rahotonsa na Turanci ya fito a 1914, kuma Silvestri ne ya raɗa wa nau'o'i irin su Dirhinus giffardii da Opius humilis suna.

Hanyar aikin ba ta sauya sosai ba tun lokacin. Ana tara 'ya'yan itacen da suka kamu a ɗora bisa yashi, tsutsa ta sauko ta yi ɓawo, a tankaɗe yashin, a jira abin da zai ƙyanƙyashe. A nan wahalar take farawa, domin mangwaro guda yana iya ɗauke da ƙuda iri biyu ko uku, kuma idan ba a ware kowane ɓawo shi kaɗai ba, sai a jingina wa zanzaro ƙudan da bai taɓa kai wa hari ba. Daga nan a koma ga madubin ƙara girma: jijiyoyin fiffike, giɓin da ke saman muƙamuƙi, zanen gadon baya, tsawon allurar ƙwai da siffar bakinta. Launi kuwa mayaudari ne, yakan bambanta ko a cikin nau'i ɗaya.

Labarin zanzaron Fopius arisanus ya fi kowane labari nuna tsadar kuskuren suna. Bayan ƙudan Bactrocera dorsalis ya bayyana a Hawai a tsakiyar shekarun 1940, an yi gagarumin bincike daga 1947 zuwa 1952, aka kwaso zanzaro daga Asiya da wasu sassa. Wanda ya fi kowa tasiri an fara ɗaukarsa a matsayin Opius persulcatus. A 1951 David Fullaway ya ware shi da sunan Opius oophilus, saboda a cikin ƙwan ƙuda yake saka nasa. Sai daga baya aka tabbatar shi ne wanda wani masani mai suna Sonan ya bayyana daga Taiwan tun 1932 da sunan arisanus. Mai karanta tsofaffin rahotanni zai zaci halittu uku ne, alhali guda ne.

Max Fischer na Ostiriya ya tattara bayanan Opiinae na duniya cikin manyan kundaye daga 1972. Amma wanda ya fi sauƙaƙa wa ma'aikatan gona shi ne Robert Wharton na jami'ar Texas A&M: a 1983 shi da Frank Gilstrap suka fitar da jagorar rarrabe nau'o'in da aka yi amfani da su, kuma shi ya ƙirƙiro sunan Fopius a 1987. Wannan aiki ne marar armashi a idon jama'a, amma da shi ne aka iya gane abin da aka saki a gonaki shekaru da dama.

Akwai inda ido ya gaza. Psyttalia concolor, da aka bayyana daga Tunisiya a 1910 a kan ƙudan zaitun, ya yi kama da humilis na Silvestri har aka daɗe ana cakuɗa su. Binciken ƙwayoyin gado na DNA da aka wallafa a 2009 ne ya nuna cewa na kudu da Sahara daban ne, aka mayar masa da sunansa na humilis.

A 2003 aka ga wani baƙon ƙuda a Kenya, ya bazu cikin gaggawa har gonakin mangwaro na Afirka ta Yamma. An sa masa suna Bactrocera invadens a 2005, kafin a gane cewa dorsalis ɗin nan ne dai. Cibiyar icipe ta Nairobi ta shigo da Fopius arisanus daga Hawai, aka sake shi a Kenya, Benin da Senegal, domin tsutsar baƙon takan kashe ƙwan yawancin zanzaron gida kafin ya girma. Yanzu mai bincike a yankin dole ya iya bambanta arisanus da ɗan gida Fopius caudatus, wanda ke bin ƙudan Ceratitis, kafin ya ce wanda aka saki ya kafu.