Yadda Talotalon Bikin Godiya Ya Koma Gonar Manomi

Duk Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, Amurkawa kan yi Bikin Godiya, kuma gasasshen talotalo ne sarkin abincin ranar. An ƙiyasta cewa ana cin kusan miliyan 46 a lokacin bikin. Galibinsu daskararru ake sayo su daga manyan kantuna, amma akwai iyalan da tun watan Oktoba suke kai kafin alƙalami gonar wani manomi na kusa su kama nasu, kamar yadda mai layya kan kama ragonsa tun Sallah ba ta matso ba.

Wannan ita ce hanyar kaka da kakanni. A Meziko aka fara kiwon talotalo, kuma 'yan Sifaniya ne suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16. A Ingila, manoman Norfolk da Suffolk suka shahara da shi. Marubuci Daniel Defoe ya bayyana a 1724 yadda ake kora su garke-garke a ƙafa zuwa kasuwannin Landan, kowane garke daga 300 zuwa 1,000. A Amurka ma haka aka yi ta yi: a 1912 garin Cuero na jihar Texas ya mai da wannan kora biki, jama'a suka taru suna kallon dubban talotalo na ratsa tsakiyar gari.

Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana Bikin Godiya a matsayin na ƙasa a 1863, majalisar dokoki ta tsayar da ranarsa a 1941. Da kasuwa ta buɗe, sai kamfanoni suka shigo. Daga shekarun 1960 wani farin talotalo mai faɗin ƙirji ya mamaye ko'ina. Cikin mako 14 zuwa 18 ya isa yanka, amma tsokar ƙirjinsa ta yi masa nauyi har namijin ba ya iya barbara, sai ma'aikata sun ɗura wa macen iri da hannu.

Tsofaffin nau'o'i irin su Narragansett da Bourbon Red da Standard Bronze suka fara ƙarewa. Ƙidayar da ƙungiyar kare irin dabbobi ta Amurka ta yi a 1997 ta gano 1,335 kacal ne suka rage masu hayayyafa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi saki shi ne Frank Reese, manomi a jihar Kansas, wanda ya ci gaba da kiwon su a fili suna tsince-tsince. A 2001 ƙungiyar Slow Food ta fara jan hankalin masu saye zuwa gonaki irin tasa. Waɗannan tsuntsaye sai sun yi kusan mako 28 kafin yanka, shi ya sa suke da tsada, amma mutane suka yarda suka biya, yawan tsuntsayen kuma ya ƙaru zuwa dubbai.

Abin da ya ceci waɗannan nau'o'i shi ne ciniki tsakanin manomi da maƙwabcinsa. Muddin mai saye ya ci gaba da zuwa gona, manomi zai ci gaba da adana iri.