Gaɓa Ɗaya Da Ta Haifi Zuri'a: Asali Da Kwaikwayo A Tsattsauran Kiɗan Metal

A shekarar 1991 wasu samari biyar daga Long Island, a jihar Niyok ta Amurka, suka gangara birnin Tampa na jihar Fulorida domin ɗaukar cikakken faifansu na farko. Sunan ƙungiyarsu Suffocation, faifan kuwa Effigy of the Forgotten. Daga wannan faifai ne akasarin masu bin tarihi suke fara ƙirga shekarun reshen da ake kira brutal death metal, wato ɓangare mafi tsanani na kiɗan da dama can tsanani ne jarinsa. Ga wanda bai taɓa ji ba, abin ya ƙunshi gita mai kaurin amo, da ganguna da ake yi wa lugude babu numfasawa, da muryar da ke fitowa daga can ƙasan maƙoshi kamar gurnani, har ba a tantance kalma. Tun daga lokacin, muhawarar da ba ta mutu ba a tsakanin masoya wannan kiɗa ita ce wa ya ƙago, wa ya kwafa.

Su kansu Suffocation ba daga sama suka faɗo ba. Kiɗan death metal ya riga su haihuwa: Possessed ta fitar da Seven Churches a 1985, Chuck Schuldiner da ƙungiyarsa Death suka biyo da Scream Bloody Gore a 1987. Luguden gangar nan ya yi suna ne a hannun Napalm Death ta Ingila. Al'adar taka wa kiɗa burki a tsakiyar gudu, a koma bugu mai nauyi sannu-sannu domin 'yan kallo su yi ta bangazar juna, gadon makaɗan hardcore ne, waɗanda Niyok ta cika da su a lokacin. Abin da Suffocation ta yi shi ne ɗinke waɗannan kayan aro a riga ɗaya, da ƙwarewar da ba a saba gani ba. Mai ganga Mike Smith da masu gita Terrance Hobbs da Doug Cerrito sukan sauya tafiyar waƙa sau da yawa kafin mai sauraro ya gama gane ta farko, muryar Frank Mullen kuma tana ƙasa kamar daga rijiya. Hobbs da Smith baƙaƙen fata ne, a fagen da kusan kowa Bature ne, abin da ake yawan mantawa idan ana lissafa iyayen wannan kiɗa.

Kwaikwayo na farko da ya dami fagen ma daga ɗakin ɗaukar sauti ya fito. Sutudiyon Morrisound da ke Tampa, da mai haɗa sautinsa Scott Burns, sun gano yadda za a ɗauki ganga mai irin wannan gudu kowane bugu ya fito tar. Sai kamfanoni suka yi ta tura masa yaransu: Obituary, Deicide, Cannibal Corpse, har Napalm Death ta tsallako teku a 1990. Kafin a ankara, faifai da yawa sun fara kama da 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Matasan black metal na ƙasar Nowe, waɗanda suka zaɓi ƙazamin sauti da gangan, sun tsani wannan tsafta har suka buga hoton Burns an soke shi da layi a jikin faifai.

Amma dubi abin da ya sami Suffocation. A 1993 kamfaninsu Roadrunner bai mayar da su wurin Burns ba, suka ɗauki Breeding the Spawn a gida Niyok, sautin ya fito a cakuɗe, waƙoƙi masu wuyar gini suka nutse. Ƙungiyar ta shafe shekaru tana sake ɗaukar waƙoƙin wannan faifai ɗaya bayan ɗaya tana cusa su a faifan da suka biyo baya. Ashe sutudiyon da ake zargi da mayar da kowa iri ɗaya shi ne ya bari aka ji bambancinsu tun farko. Sun koma wa Burns a Pierced from Within na 1995, sannan suka watse a 1998, lokacin da kasuwar death metal ta yi sanyi.

Cikin Effigy of the Forgotten, a waƙar farko mai suna Liege of Inveracity, akwai wata 'yar gajeriyar gaɓa inda gudu ke tsayawa, gita ta koma sara mai nauyi kamar ana kirɓa sakwara. A wurin Suffocation wannan gaɓa hutu ce tsakanin guguwa biyu, kuma daɗinta yana cikin abin da ya gabace ta. Maƙwabtansu na Long Island, Internal Bleeding da Pyrexia, suka faɗaɗa ta. Sai Devourment ta birnin Dalas a jihar Tekzas ta zo da faifanta na 1999 ta mai da wannan gaɓa ita ce tuwon ita ce miyar. Haka aka sami salon da ake kira silam.

A ganina Devourment ba ta cancanci a kira ta mai kwafa ba. Ɗaukar ƙaramin abu a gina gida sukutum a kansa shi ma ƙirƙira ce, ko da kuwa gidan bai yi wa kowa kyau ba. Matsalar ta zo ne a jikoki. Da intanet ta yaɗu, kwamfuta kuma ta iya buga ganga a madadin mutum, sai ƙungiyoyi barkatai suka ɓullo daga Rasha zuwa Kolombiya, kowace da tambarin suna da ba ya karantuwa, da hoton gawa a bango, da guntun sautin fim ɗin ban tsoro a farkon waƙa. Da yawansu ba su koyi komai daga Suffocation ba, Devourment suka kwafa, wasu ma masu kwafar Devourment suka kwafa. Kiɗan da ma'auninsa shi ne wa ya fi tsanani yana da wannan tarko, domin tsanani yana da iyaka. Idan murya ta kai ƙasan da ba ta iya wucewa, ganga ta kai gudun da hannu ba ya iya ƙarawa, kowa a wuri ɗaya zai tsaya.

Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka shigo da wani abu daga waje, kamar yadda Suffocation ta yi. Cryptopsy ta birnin Montreal a Kanada ta fitar da None So Vile a 1996, da gangar Flo Mounier mai kama da za ta kubce amma ba ta kubcewa. Nile ta Karl Sanders ta jingina da tarihin tsohuwar Masar. Wormed ta Madrid ta bar gawa ta koma sararin samaniya. A birnin Bandung na Indunusiya, Jasad ta saka harshen Sunda da al'adun mutanenta a Rebirth of Jatisunda na 2013.

Misalin da ya fi jan hankalina shi ne Defeated Sanity ta Jamus, wadda mai ganga Lille Gruber ya kafa yana yaro tare da mahaifinsa Wolfgang Teske, makaɗin jaz. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: lissafin jaz yana nan kwance a ƙarƙashin hayaniyarsu. A 2016 suka raba faifai ɗaya gida biyu. Rabin farko, Disposal of the Dead, ɗanyen tsanani ne zalla. Rabi na biyu, Dharmata, kwaikwayo ne da gangan, a bainar jama'a, na salon su Death da Cynic na farkon shekarun 1990, har suka gayyato wani mawaƙi daban domin muryar ta dace. Ba a iya irin wannan kwaikwayo sai an fahimci yadda aka gina abin tun daga tushe.

Suffocation ta sake haɗuwa a farkon shekarun 2000, kuma tana nan har yau da Terrance Hobbs a gaba. Da Frank Mullen ya yi ritaya, wanda ya karɓi makirufo shi ne Ricky Myers, mai gangar Disgorge ta San Diego, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka taso a inuwar Effigy of the Forgotten. Muryarsa ce a faifansu na 2023, Hymns from the Apocrypha, wanda aka rufe da tsohuwar waƙa daga Breeding the Spawn da aka sake ɗauka, Mullen ya dawo ya rera ta.