TARIHIN GIDAN ƊAN HAUSA DA FILINSA

Duk wanda ya taso daga Tiga ko Tudun Wada zuwa birnin Kano, in ya shiga unguwar Nasarawa zai ga wani tsohon soro na ƙasa mai zankwaye. Shi ne Gidan Ɗan Hausa.

Tun kafin zuwan Turawa, Nasarawa gandun Sarkin Kano ne, bayin sarki ke nomansa. Bayan Turawa sun ci Kano a shekarar 1903, sai suka kafa bariki a wannan wuri, a bayan ganuwa, zamanin Sarki Abbas.

Mutumin da gidan ya ci sunansa shi ne Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan a 1876. Aikin bishara ne ya fara kawo shi ƙasar nan a 1901, a ƙarƙashin mishan ta CMS. Bai daɗe ba ya koma aikin gwamnati a Barno. A 1906 ya ƙetare Hamada daga Tarabulus har Kukawa. Saboda yadda Hausa ta zauna a bakinsa, mutane suka laƙaba masa Ɗan Hausa.

A 1909 ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa a wannan fili. Ya fara da malamai, sa'an nan 'ya'yan sarakuna, kuma aka koyar da sana'o'i kamar sassaƙa, ƙira da dukanci. Da Hausa ake karatu. Magina Kanawa suka gyara masa gidan da tubali da azara, suka ƙara ɗakuna.

Amma ba a koyar da bishara a can ba, gama gwamnati ta yi wa sarakuna alkawari ba za ta taɓa addininsu ba. Mishan ma an tsare ta a nesa da birane. Shi ya sa iyayenmu na karkara suka daɗe suna jira, har masu bishara suka iso da ajin karatu a gindin itace.

Ɗan Hausa ya bar ƙasar nan lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rasu a 1945. Daga baya gidan ya zama wurin adana kayan tarihi na Jihar Kano.

Soron ƙasa ya wuce shekara 100 a tsaye domin an riƙa yaɓe shi. Mu fa, ina tsohuwar majami'armu, ina takardun filinta? Bari mu adana su saboda 'ya'yanmu. Ubangiji ya taimake mu. Amin.