Raken Seme da tukunyar da ba mu ɗora ba

A ƙasar Kanada, idan sanyi ya fara sassautawa tsakanin ƙarshen Fabrairu da Afrilu, magidanci kan huda jikin itacen mafil da ke bayan gidansa, wato itacen nan da ganyensa ke kan tutar ƙasar, ya soka ɗan bututu, ya rataya bokiti. Ruwan da ke ɗiga tsararo ne, zaƙinsa bai taka kara ya karya ba. Sai an tafasa kimanin lita 40 kafin a samu lita 1 mai kauri kamar zuma. Turawa a hannun 'yan asalin ƙasar suka tarar da wannan sana'a, yau kuwa lardin Kebek kaɗai ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke sha.

Mu mazauna tsakanin Zangon Kwatano da Seme-Kpodji, tatsar itace ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Maƙwabtanmu 'yan ƙasa sukan kayar da kwakwar manja, su yanke ƙoƙon kanta, su tara tulu. Ruwan farko zaƙi ne zalla, babu maye a cikinsa, amma ba ya jira. Cikin 'yan sa'o'i ya fara tsami, kafin yamma ya zama bammi, idan aka turara shi kuma ya zama sodabi. A Indiya da Indunusiya, ruwan da suke tatsa daga 'yar uwar giginya da kwakwa kan wuta ake ɗora shi tun da sassafe, ya daskare ya zama sukari. Ashe bambancin ba a itacen yake ba. Malamanmu ma a kan maye suka rataya hukunci, shi ya sa wanda ya riga tsami zuwa murhu ya tsira da halalinsa.

Bahaushe ta hanyar murhu ya bi. Tun kafin farin sukari ya cika kasuwa, iyayenmu mata sukan jiƙa nunanniyar ɗinya, su tace, su dafa ruwan har ya yi baƙi ya yi danƙo, wannan shi ne maɗi. Ana yin sa da takanda da rake ma, daga nan kuma alewa. A ƙasar Zazzau, musamman wajen Maƙarfi, aikin ya girma ya zama mazarƙwaila: doki na zagaya injin matsa, ruwan rake na kwarara, ana dafa shi a manyan kasake ana kwashe kumfa, sannan a zuba a ƙananan mazubai ya sandare.

Akwai wani labari da ya kamata 'yan Zango su riƙe, don ya ratsa ta wannan gaɓar teku da muke zaune. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth ya ga gonar rake kusa da birnin Sakkwato inda ake yin sukari, kuma mai aikin wani Bafillace ne da ya shekara 25 yana bauta a Birazil. A tsaya a yi tunani a nan. Sukari ne ya ci bayin da aka fitar ta Wida da Porto-Novo da Badagri zuwa Bahiya, cikinsu har da Hausawa masu yawa waɗanda yaƙe-yaƙen zamanin jihadi suka rutsa da su. Ba su miƙa wuya ba: a 1807 an bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla a can, a 1835 kuma Musulmi suka yi babban boren da ya sa aka koro da dama zuwa wannan gaɓa. Babban masallacin Porto-Novo, mai fasalin ginin Birazil, shaida ne na waɗanda suka dawo. Shi kuwa wancan bawan Allah bai tsaya bakin teku ba, ya nausa arewa da ilimin da ya saya da shekarun ƙuruciyarsa.

To, ga Seme yau. Fadamunta na cikin wuraren da suka fi suna da rake a kudancin Benin, duk wanda ya bi hanyar Kwatano zuwa Porto-Novo ya ga dammansa jingine a bakin titi. Mafi yawansa shan baki ake yi, a tauna a tofar. Masana'antar sukarin da gwamnatocin Benin da Nijeriya suka haɗa hannu suka gina, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1980, can Sabe take, nesa da mu, kuma gonarta ta riƙa nomawa. Mu kuma da muka gaji dafa rake, mazarƙwailar da muke sa wa kunu da azumi daga arewa ake kawo mana ita, ta tsallako iyaka, alhali raken na ƙofar gida.

A ganinmu wannan sakaci ne, ko da yake akwai uzuri. Itacen wuta na da tsada a nan, doki ba ya jure wannan ƙasa, sai dai injin fetur. Rake idan aka sare shi kwana kaɗan zaƙinsa ke raguwa, manomi ya karyar da farashi dole, mazarƙwaila kuwa takan yi watanni. Sai dai iskar teku na narkar da ita, don haka a Zango ba a barin ta a faifai kamar a Zariya, a gwangwani mai murfi ake ajiye ta.