Daga Tafiyar Ba Dawowa Zuwa Ta Mako Guda: Yadda Iyalai Suka Shiga Gajeriyar Tafiyar Mishan

A watannin Yuni da Yuli, lokacin dogon hutun makarantu a Amurka, filayen jirgin sama na Miami da Houston da Atlanta kan cika da ayarin mutane sanye da riguna iri ɗaya, an buga sunan cocinsu a ƙirji. Cikinsu akwai uba da uwa da yara, har da ɗan shekara bakwai rataye da 'yar jakarsa. Guatemala suka nufa, ko Honduras, ko Jamhuriyar Dominika. Mako guda za su yi, ko kwana goma: su gina ɗaki, su shafa wa makaranta fenti, su ba yara labaran Littafi Mai Tsarki ta bakin tafinta, su juyo gida. Wannan al'ada ba ta wuce shekara saba'in ba, kuma shigar iyalai cikinta ta zo daga baya sosai.

A da, mai fita aikin mishan sallama yake yi da danginsa kamar ba za a sake ganawa ba, kuma sau da yawa hakan ce ke faruwa. A 1793 William Carey, mai ɗinkin takalma daga Ingila, ya kama hanyar Indiya. Matarsa Dorothy da farko ta ƙi tafiyar, ga ta da juna biyu, sai daga baya aka shawo kanta. Wata biyar suka yi a teku. Shekara na zagayowa ɗansu Peter, mai shekara biyar, ya rasu da atini. Daga nan hankalin Dorothy ya gushe, bai dawo ba har ta bar duniya a 1807. Carey kansa bai ƙara taka ƙasar Ingila ba; a Serampore ya rasu a 1834.

Ƙasarmu ma ta shaida irin wannan. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kutsawa cikin abin da Turawa ke kira Sudan a lokacin. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham kaɗai ya tsira da ransa, kuma sai a 1902 ƙungiyarsu ta samu gindin zama a Patigi. Ita ce SIM, wadda cocin ECWA ya fito daga aikinta.

Da mishan ɗin ta kafu, ma'aurata suka fara zuwa, sai tambayar yara ta taso: ina za a kai su? Amsar tana da ɗaci. An buɗe gida a Collingwood ta Kanada mai suna Gowans Home, inda iyaye kan bar 'ya'yansu su yi shekaru ba su gan su ba. A tsakiyar shekarun 1940 aka buɗe makarantar kwana ta Kent Academy a Miango, kusa da Jos, domin yaro ya kasance ko da a ƙasa ɗaya ne da iyayensa. Duk da haka, ɗan shekara shida sai a ɗauke shi daga tashar mishan mai nisa a kai shi can, ba zai ga uwarsa ba sai hutu. Wanda ya shiga maƙabartar Miango zai tarar da ƙananan kaburbura a tsakanin manya. A wancan zamani yara suna cikin abin da iyali ke sadaukarwa domin aikin. A yau kuwa, kamar yadda za a gani, saboda yaran ake yin tafiyar, kuma a ganina wannan juyi shi ne zuciyar tarihin.

Jirgin sama ne ya fara karya tsohon tsari. A watan Oktoba na 1958 kamfanin Pan Am ya fara jigilar fasinja da Boeing 707 daga New York zuwa Paris, tafiyar kwanaki a teku ta koma ta sa'o'i. Matasa ne suka fara cin moriyar abin. Tun kafin haka ma, a 1957, wani ɗalibi, George Verwer, da abokansa biyu suka loda littattafan Linjila a tsohuwar mota suka tsallaka Meziko lokacin hutu. Daga wannan ne Operation Mobilisation ta samo asali. A 1960 Loren Cunningham ya kafa Youth With A Mission bisa ra'ayin da tsofaffin hukumomin mishan suka ɗauka ganganci ne: a tura matashi ko bai yi makarantar tauhidi ba, ko bai iya harshen mutanen ba, ko da na 'yan makonni ne. A 1964 ya kai matasa 146 tsibiran Bahamas. Gwamnatin Amurka ma ta taimaka ba da niyya ba. Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps a 1961, aikin sa kai na shekara biyu a ƙetare, coci-coci suka ga matasansu suna rububin shiga. 'Yan Baftis na kudancin ƙasar Amurka suka fito da nasu shirin na shekara biyu a 1965. Daga shekara biyu aka sauko zuwa hutun bazara, daga nan zuwa mako biyu.

Iyali sun shigo ne ta ƙofar gini. Wa'azi yana buƙatar harshe, amma kwaɓa siminti da buga ƙusa kowa zai iya, har yaro. A 1980 aka kafa Amor Ministries, tana kai ayari daga San Diego zuwa Tijuana ta Meziko, wadda ke ƙetaren iyaka kawai, ba sai an hau jirgi ba. Tsarin aikin mai sauƙi ne. Ranar farko a daidaita ƙasa, a kwaɓa kankare da shebur a zuba daɓe. Kashegari a yanka katako da zarto a ta da bango. Sai rufi, sai a ja waya a jikin bango a yi shafe. Yara suna miƙa ƙusa, suna tankaɗe yashi, suna buga ƙwallo da yaran unguwa. Rana ta ƙarshe a taru a ƙofar gidan mai ɗaki biyu, a yi addu'a, a miƙa wa mai gida mabuɗi, kowa na share hawaye. Wanda ya yi wannan yana ɗan shekara goma sha shida, in ya zama uba zai so ɗansa ma ya gani. Haka kuwa aka yi: matasan shekarun 1980 su ne iyayen shekarun 2000. A daidai lokacin kuma manyan coci-coci suka daina jiran hukumar mishan, suna ƙulla zumunci kai tsaye da wani fasto a Honduras ko Kenya, intanet ta sauƙaƙa sadarwa, wasiƙar neman gudummawa daga 'yan uwa da abokai ta zama abin da kowane mai tafiya ya iya rubutawa.

Masanin zamantakewa Robert Wuthnow na Jami'ar Princeton ya ƙiyasta cewa wajen 2005 manya kimanin miliyan 1.6 daga cocin Amurka ke fita irin wannan tafiya kowace shekara, galibi na kusan kwana takwas.

Da abin ya kai haka, dole aka fara lissafi. Bayan guguwar Mitch ta ɗaiɗaita Honduras a 1998, Kurt Ver Beek, malamin jami'a da ya daɗe zaune a ƙasar, ya bi diddigin gidajen da aka sake ginawa. Ya gano ayarin baƙi kan kashe sama da dala 30,000, yawanci a kuɗin jirgi da masauki, wajen gina gidan da magina 'yan ƙasa ke gamawa da dala 2,000. Waɗanda aka gina wa ba su ga wani bambanci ba tsakanin gidan baƙi da na 'yan gida. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, baikon da matafiyan ke bayarwa bayan sun koma bai ƙaru da wani abin kirki ba, alhali babbar hujjar tafiyar ita ce tana canza zuciyar mai zuwa. A 2009 littafin When Helping Hurts na Steve Corbett da Brian Fikkert ya kai wannan muhawara cikin coci-cocin kansu.

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Mai masauki ne ke nan kafin a zo da bayan an tafi: faston da ya ajiye aikinsa mako guda yana tafinta, matan da suka kwana girki, birkilan da ya rasa kwangila domin an zo yin aikinsa kyauta. Ban ɗauki niyyar iyalan nan da wasa ba. Uban da ya hana kansa hutun shaƙatawa domin 'yarsa ta ga yadda yawancin mutanen duniya ke rayuwa ya yi abin a yaba. Amma gaskiya ita ce shi da 'yarsa aka yi wa hidima mafi girma, kuma ya kamata a faɗi haka a fili, a gode wa masu masauki a matsayin malamai. Akwai kuma gajeriyar tafiyar da ba a jayayya a kan amfaninta, kamar ta likitan fiɗa da ke zuwa asibitin Galmi a Nijar, wanda SIM ta buɗe a 1950, ya riƙe aiki na 'yan makonni domin na dindindin ya samu numfashi. Shi an kira shi ne, kuma ya zo da abin da babu.

Inda abin ya fi muni shi ne gidajen marayu, wurin da iyalai suka fi son kai 'ya'yansu. Yaron da ke can yana sabawa da baƙo mako guda, a rungume shi, a tafi, wani ya zo. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna mafi yawan yaran irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su, wani lokaci kuma kuɗin baƙi ne ke sa a tara su. Bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010 an kama Amurkawa goma, yawancinsu daga coci-cocin Baftis na Idaho, suna ƙoƙarin ƙetare iyaka da yara 33 ba takardu, aka kuma gano yawancin yaran ba marayu ba ne. A 2018 Ostareliya ta amince cewa tara yara a gidan marayu domin jawo kuɗin baƙi nau'i ne na bautar zamani, ƙungiyoyin mishan da dama kuma sun cire irin wannan ziyara daga shirinsu.

Annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiyen cak a 2020. Sun farfaɗo daga baya, ban da Haiti, wadda ta kasance cikin wuraren da aka fi zuwa. A Oktoban 2021 'yan daba suka sace mutum 17 na wata ƙungiyar mishan daga Ohio a hanyarsu ta dawowa daga gidan marayu, biyar cikinsu yara, ƙaramin wata takwas da haihuwa. Sai a Disamba na ƙarshensu suka kuɓuta. A Nuwamban 2024 aka harbi jiragen fasinja a Port-au-Prince, hukumar sufurin sama ta Amurka ta hana jiragen ƙasarta sauka a can. Makarantu da ƙananan asibitocin da suka gina kasafinsu a kan zuwan ayari su ne suka fara ji a jikinsu, domin albashin malamai da kuɗin magani a aljihun baƙin suke zuwa.