Daga Ibadan 1971 zuwa Samaru 1986: wa ya harba, wa aka hukunta?

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Ginin ƙungiyar ɗalibai na Jami'ar Ibadan sunan wani ɗalibi yake ɗauke da shi, Kunle Adepeju. A Jami'ar Legas ma akwai gini mai sunan Akintunde Ojo. Da yawanmu muna wucewa ta gabansu kullum, mun ɗauka sunayen wasu attajirai ne da suka ba da gudummawa. To ba haka ba ne. Dukansu biyun ɗalibai ne irinmu, kuma harsashin jami'an tsaro ne ya kashe su.

Bari mu fara da Ibadan. A farkon shekarar 1971, shekara ɗaya kacal bayan gama yaƙin basasa, zamanin Janar Yakubu Gowon, rigima ta tashi a Zik Hall kan abinci. A wancan lokacin jami'a ce ke ciyar da ɗalibai a kafteriya. Mazauna hostal ɗin suka zargi matar da ke kula da kafteriyarsu da rashin iya riƙo, suka ce a cire ta. Hukumar makaranta ta ƙi saurara, magana ta bar hostal ɗaya ta game jami'a. Shugaban jami'ar, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, shahararren likitan ƙwaƙwalwa ne wanda daga baya ya tafi aiki Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙarƙashinsa ne aka kira 'yan sanda cikin makaranta.

Ranar 1 ga Fabrairu, 1971, 'yan sanda suka buɗe wuta. Harsashi ya samu Kunle Adepeju, ɗan shekara 23, mai karatu a fannin noma, mazaunin Mellanby Hall, a kusa da Queen Elizabeth Hall. Shi ne ake lissafawa a matsayin ɗalibin jami'a na farko da 'yan sanda suka kashe a cikin harabar makaranta a Najeriya. Ku duba fa, rigimar kafteriya ce. Ba wanda ya yi yunƙurin juyin mulki.

Me ya biyo baya? Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a B. O. Kazeem. Wani matashin lauya mai suna Gani Fawehinmi ne ya tsaya wa ɗalibai, kuma tun daga nan sunansa ya shiga bakin ɗaliban ƙasar nan. A nan ne nake so mu tsaya mu fahimci wani abu, don shi ne zai yi ta maimaituwa. Kwamitin bincike ba kotu ba ne. Yana kiran shaidu, ya saurare su, ya rubuta rahoto da shawarwari, ya miƙa wa gwamnati. Ita kuma gwamnati ta fitar da abin da ake kira farar takarda, ta ce wannan na karɓa, wannan na ƙi. Kwamitin ba shi da ikon ɗaure kowa. Binciken kisan kai na sosai yana farawa ne da gawa da rahoton likita, da harsashin da aka ciro, da bindigar da ya fito daga cikinta, da littafin ma'ajiyar makamai da zai nuna wa ya karɓi wace bindiga da harsashi nawa, ya dawo da nawa. Wa ke riƙe da waɗannan duka? 'Yan sandan da ake zargi. Ka ga kura ce aka ba ajiyar nama.

Bayan shekara bakwai, 1978, zamanin Janar Obasanjo, aka ƙara kuɗin abincin ɗalibai da kwabo 50 a rana, daga Naira 1 da kwabo 50 zuwa Naira 2. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta kira ƙaurace wa lakca. Kwamishinan ilimi na tarayya a lokacin shi ne Kanar Ahmadu Ali, shi ya sa ake kiran rikicin "Ali Must Go", wato dole Ali ya sauka. A watan Afrilu 'yan sanda suka harbe Akintunde Ojo, ɗalibin zanen gine-gine a Jami'ar Legas. Da labari ya isa Zariya, ɗaliban ABU suka fito. Aka turo sojoji, aka kashe ɗalibai da dama a Samaru. Jinin da ya zuba a Zariya ya fi wanda ya zuba a Legas inda abin ya faro.

Nan ma aka kafa kwamiti, na Mai Shari'a Usman Mohammed. Sakamako: an haramta NUNS, an kori Okeowo daga makaranta, an sallami wasu malamai da ake ganin su ke zuga ɗalibai, an sauke shugabannin jami'o'i biyu, Farfesa Ade Ajayi na Legas da Farfesa Iya Abubakar na ABU. NANS da muka sani yau a kan tokar NUNS aka kafa ta a 1980.

Sai 1986, zamanin Janar Babangida. Ɗaliban ABU suka yi jerin gwanon tunawa da 'yan uwansu na 1978. Ayarin ya shiga Amina Hall, hostal ɗin mata, wanda doka ta hana maza shiga. Hukumar jami'a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi ta hukunta shugabannin ɗalibai, ɗalibai suka ce ba su yarda ba. Ranar 23 ga Mayu, 1986, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka yi harbi a Samaru. Hukuma ta ce mutum huɗu ne suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Wannan karon ɗaliban Kudu ne suka fito saboda Zariya, jami'o'i suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Kwamitin Manjo Janar Emmanuel Abisoye ya zauna, kuma abin da aka fi tunawa da shi a rahotonsa shi ne zargin cewa wasu malamai ba sa koyar da abin da ake biyansu su koyar. Aka haramta NANS, aka raba ƙungiyar malamai ta ASUU da ƙungiyar ƙwadago ta NLC.

Ku jera ukun nan ku gani. Kowane karo ana fara tambaya da "wa ya kashe yaran nan?", kafin a tashi ta koma "wa ya zuga yaran nan?" Hukuncin da tarihi ya riƙe duk a kan ƙungiyoyi da malamai da shugabannin jami'a ya faɗa.

Wannan hali yana da tushe, kuma abin mamaki sunanmu na ciki. Bayan Turawan Ingila sun karɓe Legas a 1861, rundunar da suka dogara da ita a shekarun farko da Hausawa aka gina ta, da yawansu bayin da suka tsere wa iyayengijinsu, har ake kiransu Hausawan Glover, da sunan Baturen da ya tara su. Dabarar ita ce a sa baƙo ya tsare ɗan gari, don ba zai ji nauyin kowa ba. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu aka samar da 'yan sandan Najeriya. A Arewa kuwa 'yan doka na En'e suka ci gaba da aiki har zamanin Gowon, lokacin da aka shigar da su cikin rundunar tarayya. Rundunar da aka raina don tsare gwamnati da murƙushe bore, ba a rana ɗaya za ta koyi binciken kanta ba.

Me ya sa nake kawo mana wannan? Saboda ɗabi'armu ce a nan, in an kira taron ƙungiyar ɗalibai sai mu ce harkar 'yan gari ce, mu karatu ya kawo mu. Gaskiya ne karatu ya kawo mu, kuma ba ina cewa kowa ya fita titi ba. Amma harbin Legas a Samaru ya ƙare, na Samaru kuma ya rufe makarantun Kudu. Gemun ɗan uwanka in ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da za mu iya yi ba shi da wuya. Ƙungiyoyinmu na jiha da na Arewa su riƙe cikakken jerin sunayen 'ya'yansu da lambar wani na gida. In an kama wani, a rubuta lokaci da wuri da ofishin da aka kai shi, a sanar da ofishin kula da harkokin ɗalibai da lauya tun a ranar. In an ji wa wani rauni, a karɓi rahoton asibiti a ajiye kwafi. Hoto da bidiyo a adana na asali kafin a watsa a WhatsApp. Jayayyar adadin mamatan 1986 ta isa ta nuna mana abin da ke faruwa idan hukuma ce kaɗai ke riƙe da lissafi.

Wanda mahaifinsa ko kawunsa ya yi ABU a 1978 ko 1986, don Allah ya tambaye shi abin da ya gani, ya rubuta ya kawo mana. Mutanen nan suna ta tsufa. Allah Ya kiyaye gaba, Ya sa mu gama lafiya.